Fakta 8: maganin da ake haɗawa a tanki, da yaron da ya ƙi miƙa hannu

A ƙasar Hausa, sau da yawa wanzami ne ke fara cin karo da cutar himofiliya, wato ciwon da jini ba ya saurin tsayawa in ya fara zuba, ko da bai san sunanta ba. An yi wa yara kaciya da sassafe, na kowa ya tsaya, shi kuwa wannan har la'asar tsumma na jiƙewa. A sa magani ya lafa, cikin dare ya sake ɓallewa. Wani tun ranar suna ake ganin haka, wajen cire beli ko tsaga. Daga nan sai a shiga laluben dalili, wannan ya ce maita, wancan ya ce baki ne, wani ya ce hannun wanzamin ne ba shi da kyau. In ka tsananta tambaya kuwa, ba wuya ka ji an ce ai kawun yaron, wanda suke ciki ɗaya da uwar, haka jini ya tafi da shi yana ƙarami.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. Malaman Yahudawa na ƙarni na biyu sun yanke cewa matar da 'ya'yanta maza biyu suka mutu ta zubar jinin kaciya, kada a yi wa na ukun. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya ba da labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa a kan rauni ɗan kaɗan. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta gadar wa ɗanta Leopold cutar, wanda ya mutu a 1884 yana da shekara 30, sannan ta hanyar 'ya'yanta mata cutar ta shiga gidajen sarautar Sifen da Jamus da Rasha. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom X, wanda mace ke da biyu namiji ke da ɗaya tak, shi ya sa mace ke ɗauka namiji ke kwanciya. Ta nan ta bambanta da sikila, wadda sai uwa da uba sun haɗu a kai. Amma kafin a ɗora wa uwa laifi, a sani cewa uba mai cutar yana ba duk 'ya'yansa mata ƙwayar, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita babu kowa a danginsu da ya taɓa yi, a kansu ta fara.

Idan jijiya ta yanke, abu biyu ke tsayar da jini. Da farko wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira faletilet su taru a bakin raunin su toshe. Wannan toshiyar ba ta da ƙwari, kamar yaɓen da aka yi ba ramno ne, ya rufe ɓaraka amma ruwan farko zai tafi da shi. Abin da ke ɗaure ta shi ne wani zare mai suna fibirin, kuma kafin a same shi sai wasu furotin sun tada juna bi da bi, wannan ya tada wancan. Likitoci sun ba su lamba. Fakta 9 ne ke tada fakta 10, amma ba ya iyawa da sauri sai fakta 8 ya riƙe su wuri guda. Wanda ya rasa na 8 shi ne mai himofiliya A, kimanin namiji ɗaya cikin kowane 5,000 da aka haifa. Wanda ya rasa na 9 shi ne mai himofiliya B, ita kuma ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Idan abin da ke jinin mutum bai kai kashi 1 cikin 100 na mai lafiya ba, ciwon ya kai matsananci, jini na iya zuba a ciki ba tare da ko tuntuɓe ba. Gwiwa, idon sawu da gwiwar hannu su suka fi shan wahala. Gaɓa ta kumbura ta ɗau zafi, jinin da ya kwanta a ciki ya riƙa cin guringuntsi, kafin yaro ya balaga ƙafa ta ƙage. A kai shi wurin mai ɗori a ja, ko a yi ƙaho, abin ya ƙara lalacewa.

Maganin a fili yake, a zuba masa abin da ya rasa. Samo shi ne aiki. Fakta 8 ɗin da ke cikin lita guda ta ruwan jini, wato jinin da aka cire wa ƙwayoyinsa, bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na miligiram ba. A tsakiyar shekarun 1960 Judith Graham Pool ta jami'ar Stanford ta gano cewa idan aka daskarar da ruwan jini aka bar shi ya narke a hankali cikin sanyi, wani farin gudaji kan kwanta a ƙasa wanda ke cike da fakta 8. Bayan haka kamfanoni suka koyi tace shi ya zama gari a 'yar kwalba, wanda mutum zai ajiye a firij ya yi wa kansa allura a gida. A shekarun 1970 yaran da a da suke kwance suka fara zuwa makaranta kamar kowa.

An gudu ba a tsira ba. Kafin a haɗa wannan garin sai an gauraya ruwan jinin mutane dubbai a tukunya ɗaya, kuma a Amurka sayen jinin ake yi, har daga fursunoni da masu yi wa kansu allurar ƙwaya. Mutum ɗaya mai ƙwayar cuta ya isa ya ɓata tukunyar duka. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 kusan rabin masu himofiliya a Amurka sun kamu da ƙanjamau, ciwon hanta nau'in C kuwa ya fi haka yawa. Ryan White, yaron da aka hana shiga makaranta a jihar Indiana har labarinsa ya cika duniya, ta nan ya kamu, ya rasu a 1990. A Birtaniya sai a watan Mayun 2024 kwamitin Sir Brian Langstaff ya fitar da rahotonsa na ƙarshe: mutum sama da 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta jini da magungunan da aka tace daga jini, kimanin 3,000 sun mutu. Cikin masu cutar zubar jini kaɗai, wajen 1,250 ne suka kamu da ƙanjamau, 380 daga ciki yara. Duk wanda bai san wannan tarihin ba ba zai gane abin da ya sa aka zuba maƙudan kuɗi don a raba maganin da jinin mutane ba.

A 1982 an riga an fara sayar da insulin ɗin da bakteriya ke haɗawa, don haka hanyar a buɗe take: a ɗauko ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, a dasa ta a cikin wata halitta, a bar ta ta yi aikin. A wannan shekarar aka ware ƙwayar gadon fakta 9. Ta fakta 8 sai a 1984, inda kamfanoni biyu na Amurka, Genentech da Genetics Institute, suka isa kusan lokaci guda. Abin da suka tarar ya wuce tsammani. Ƙwayar gadon tana da haruffa kimanin 186,000, tana cikin mafi girma da aka sani a lokacin. Furotin ɗin kansa amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 2,332 ne a jere, alhali insulin 51 ne kacal.

Girma ma ba shi ne babbar matsalar ba. Bakteriya tana iya jera amino asid, amma ba ta iya ƙarasa aikin. Fakta 8 sai an naɗe shi ta wata siga takamaimai, an liƙa masa rassan sukari a wurare da dama, an yanka shi gida biyu an sake haɗawa. Fakta 9 kuma sai an gyara wurare 12 a kansa da taimakon bitamin K, in ba haka ba ba zai iya manne wa bakin rauni ba, ya zama hoto. Ƙwayoyin halittar dabba mai shayarwa ne kawai ke da kayan wannan aiki. Sai aka koma ga wasu ƙwayoyi da Theodore Puck ya ciro a 1957 daga ƙwan mahaifar wani ɗan ɓeran ƙasar Sin da ake kira hamsta. Dabbar ta daɗe da mutuwa, amma ƙwayoyinta, waɗanda ake kira CHO, suna nan suna hayayyafa a masana'antun magani na duniya. Wasu kamfanonin suna amfani da na ƙodar jaririn hamsta, wasu na baya-bayan nan kuma da jerin ƙwayoyin da asalinsu na mutum ne.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana dasa ƙwayar gadon a cikin miliyoyin ƙwayoyin halitta, a tace a zaɓi guda ɗaya wadda ta fi ba da furotin mai kyau, a hayayyafa ta, a rarraba a 'yan kwalabe a ajiye cikin ruwan naitirojin mai sanyin kusan digiri 196 ƙasa da sifili. Wannan shi ne jarin kamfani. Duk maganin da za a yi na shekaru masu zuwa daga waɗannan kwalaben zai fito. Idan za a fara, a narkar da guda, a raine ta a ƙaramin mazubi, a mayar babba, har a kai ga tankin ƙarfe. A cikin tankin zafi digiri 37 ne kamar jikin mutum, na'ura na auna iskar oksijin da tsami da sukari dare da rana. Fakta 8 ba ya jure zama cikin ɗumi, lalacewa yake yi, saboda haka masana'antu da yawa ba sa jira tanki ya nuna, suna zuba sabon ruwan abinci ta gefe ɗaya suna janye wanda ke ɗauke da maganin ta ɗaya gefen, makonni a jere. Kuma ƙwayoyin ba sa son fitar da shi. Mafi yawan abin da suka haɗa maƙalewa yake a cikinsu su rushe shi da kansu, shi ya sa abin da ake samu kaɗan ne in aka gwada da sauran magungunan da ake yi ta wannan hanya. Wata dabara da ta taimaka ita ce cire wani ɓangare na tsakiyar furotin ɗin, wanda ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na tsawonsa, bayan an gano cewa daskarar da jini ba ta buƙatarsa.

Ruwan da aka janye sai a bi da shi ta bututai masu cike da wasu ƙwayoyi da ba sa kama komai sai fakta 8, a wanke sauran. A zuba sinadarin da ke narkar da fatar bairos, a tace ta matacin da ramukansa ba su wuce nanomita 20 ba, a daskarar, a zuƙe ruwan, ya zama farin gari. Ana auna shi da yunit, yunit ɗaya shi ne abin da ke cikin mililita ɗaya na ruwan jinin mai lafiya. Kwalba mai yunit 500 ke nan tana ɗauke da abin da ke cikin rabin lita, amma ruwan da za a narkar da ita bai fi cikin cokalin shayi ba.

A 1987 aka fara gwada shi a jikin mutum a jihar North Carolina. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Recombinate a 1992, Kogenate a 1993, sannan BeneFIX na fakta 9 a 1997. Na farkon ba su rabu da jinin mutane gaba ɗaya ba, don ana sa musu albumin, wani furotin da aka tace daga jini, saboda kada su lalace. Daga baya aka maye gurbinsa da sukari, kuma a 2003 Advate ya fito, wanda babu furotin na mutum ko na dabba da aka ƙara tun daga tanki har kwalba. Tun da aka fara amfani da irin waɗannan magunguna ba a sami wanda ya kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta dalilinsu ba. Wannan nasara ce, babu ja.

Sai dai ba a gama da jiki ba. Yaron da bai taɓa samun fakta 8 ba, garkuwar jikinsa na iya ɗaukarsa a matsayin baƙo ta kai masa hari. Kusan uku cikin goma na masu matsanancin nau'in A suna haka, galibi a cikin allurai 50 na farko, daga nan sai a zuba magani ya zama kamar ruwa aka zuba. A 2016 wani bincike mai suna SIPPET, wanda likitocin Milan suka jagoranta kuma akasarin yaran cikinsa daga Indiya da Masar da Iran suke, ya raba yara kimanin 250 gida biyu. Cikin waɗanda aka ba na tanki wajen kashi 45 cikin 100 ne jikinsu ya yi tawaye, cikin waɗanda aka ba na jinin mutane kimanin kashi 27. Har yanzu ana muhawara a kai, amma ya isa ya nuna cewa sabo ba kullum ya fi tsoho ta kowace fuska ba, balle yanzu da ake kashe ƙwayoyin cuta a na jinin ma.

Duk wannan aiki, daga ƙwayar gado zuwa tanki zuwa kwalba, ƙarshensa jijiyar bayan hannun yaro ɗan shekara biyu ne. A nan ne a ganina ake yawan yin sakaci.

Fakta 8 ba ya daɗewa a jini, cikin awa 12 rabinsa ya tafi. Tun ƙarshen shekarun 1950 Inga Marie Nilsson ta birnin Malmo a Suwidin ta fara nuna cewa in ana so a ceci gaɓoɓi, ba a jiran jini ya zuba, riga-kafi ake yi. Ma'anarsa allura a jijiya sau uku a mako, sau 156 a shekara, tun yaro na tatata. Yaro mai kilo 20, ko a mafi ƙarancin awo na yunit 25 kan kowane kilo, zai ci yunit 78,000 a shekara. Jijiyar ƙaramin yaro siririya ce, tana ɓuya cikin kitse, in yana kuka yana fizge-fizge sai ta ƙara ɓacewa. A soka a rasa, a sake sokawa, wurin ya taru ya yi baƙi, domin shi ba kamar sauran yara ba ne, ko kuskuren allura zubar jini ne.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin allurar yara ya san yadda ake yi. Nas ta ce, “Hajiya, danne min ƙafafunsa, Baba kai kuma riƙe hannun da kyau.” Uwa na cewa, “Yi shiru, ba zafi, yanzu za a gama.” Uba na cewa, “Kai ba namiji ba ne?” An kwantar da yaro rigingine, manya uku a kansa, yana ihun “Umma ki ce su bari.” An dai samu an yi. In allurar riga-kafi ce ta lokaci-lokaci, wataƙila ya manta. Wanda za a dawo da shi jibi, a sake dawo da shi gata, ba zai manta ba. Ya koyi abu uku a zama ɗaya: abin da zafi, uwarsa ta faɗi abin da ba haka ba, kuma ba shi da ta cewa. A gida ma da allurar muke razana yara, “in ba ka yi shiru ba yanzu na kira mai allura.”

Tsoron allura ba abin mamaki ba ne, yawancin yara suna da shi, manya ma da yawa. Yana zama ciwo, abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira fobiya, idan ya wuce misali, ya daɗe watanni, ya kai ga mutum na gudun abin da yake buƙata. Kimanin mutum uku zuwa huɗu cikin ɗari suna da irin wannan game da jini, rauni ko allura. Abin da ke raya shi kuwa gudun ne kansa. Duk ranar da yaro ya yi bori aka ce to a bari sai gobe, sai ya ji sanyi a ransa nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa gudu ne ya cece shi. Gobe borin ya fi na yau. Iyaye ma sukan kamu. Uwar da hannunta ke rawa in ta ɗauki allura za ta riƙa samun dalilin ɗage ranar, kuma kowace rana da aka tsallake, gwiwa ce ke biya.

Wannan nau'in tsoro yana da wata siffa da sauran ba su da ita. Mai tsoron maciji ko hawa sama zuciyarsa bugawa take da sauri, jininsa ya hau. Mai tsoron jini da allura haka yake farawa, sai kuma abin ya juye, bugun zuciya ya ragu, jini ya sauka, gumi mai sanyi ya karyo, ya ga duhu-duhu, ya faɗi sumamme. Ga mai lafiya wannan abin kunya ne kawai. Ga mai himofiliya faɗuwa a buga kai a siminti na iya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Maganin wannan ciwo an daɗe da saninsa, kuma ba ya buƙatar tanki. A 1924 Mary Cover Jones ta raba wani yaro da tsoron zomo ta hanyar matso masa da shi kaɗan-kaɗan yana cin abin da yake so. Joseph Wolpe, ɗan Afirka ta Kudu, ya tsara hanyar a shekarun 1950. Lars-Göran Öst na Suwidin ya nuna a shekarun 1980 cewa ana iya yin aikin a zama ɗaya na awa uku, kuma akasarin masu fama suna samun sauƙi mai ɗorewa. Ginshiƙin duka ɗaya ne, mutum ya tunkari abin da yake tsoro mataki-mataki, da yardarsa, ya tsaya a kowane mataki har ya ga abin da yake zato bai faru ba, ko ya faru amma ya iya jurewa.

Ga yaro, matakan kan zo kamar haka. Yau sirinji na kan tebur cikin ledarsa, ana hira ana wasa. In ya saki jiki, ya ɗauka ya zuƙi ruwa ya fesa. Sai ya yi wa lemo ko 'yartsana allura da kansa, shi ne likita. Sai a ɗaura masa robar ɗaure hannu, ya nemo jijiyarsa da yatsa, ya goge da auduga, a kwance robar, a tashi ba a soka komai ba. Sai allura mai fiffike ta taɓa fatarsa da murfinta. A kowane mataki ana tambayarsa, “Daga ɗaya zuwa goma, tsoron ya kai nawa?” Ya ce takwas, a dakata a nan har ya ce huɗu. Ranar da za a soka, an shafa man kashe zafi awa guda kafin nan, an ɗumama hannun, yana zaune a cinyar uwarsa ba a kwance ba. Ba a ce masa ba zafi. Ana cewa, “Za ka ji tsini kaɗan, in ka ƙirga biyar ya wuce. Wane hannu kake so, kuma za ka kalla ko za ka juya kai?” Zaɓin ƙarami ne, ba a ba shi zaɓin ƙin allurar ba, amma shi ne bambancin wannan da dannewa. A duka biyun allura ta shiga, abin da yaron ya koya ne ya bambanta.

Ga masu suma, Öst ya ƙara wata dabara a 1987 wadda ta saɓa wa abin da aka saba faɗa. Mai suma ba a ce masa ya saki jiki, wannan ƙara saukar da jinin yake yi. Ana koya masa ya ɗaure tsokar ƙafafu da ciki da ƙirji da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ya ji ɗumi ya hau fuskarsa, ya sassauta na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya maimaita sau biyar. Yana yi a gida har ya saba, sannan ya yi amfani da ita da zarar ya ji jiri ya fara. Hannun da za a soka shi a sake ake barinsa, kuma mai himofiliya da jini bai daɗe da zuba a tsokarsa ba sai ya tambayi likitansa tukuna. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su Valium kuwa, taimakonsu na ranar ne kawai. A wani gwaji da aka yi a Stanford a 1997 kan mata masu tsoron jirgin sama, waɗanda aka ba irin wannan ƙwaya a tashin farko sun fi sauran firgita a tashi na biyu da ba a ba su ba. Sun hau jirgi, amma ba su koyi komai ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda likitocin jini suka isa ga irin wannan hanya ta wata ƙofa dabam. Yaron da garkuwar jikinsa ta ƙi fakta 8, maganinsa ba daina ba shi ba ne. Tun 1977 Hans-Hermann Brackmann na birnin Bonn a Jamus ya nuna cewa in aka riƙa zuba masa shi da yawa kullum, watanni ko fiye da shekara, garkuwar kan gaji ta saba da shi, kuma kusan biyu cikin uku suna dacewa. Ba hanya ɗaya garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa ke bi ba, kada a ɗauka abu ɗaya ne. Amma a aikace suna haɗuwa a hannun yaro guda, domin wanda za a yi wa allura a jijiya kowace safiya har shekara, in ba a magance tsoronsa ba, ba za a kai ƙarshen shirin ba. Ana iya dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji wadda ke haɗe da babbar jijiya, amma ita ma tiyata ce, kuma ƙwayoyin cuta na iya shiga ta nan.

Masana'antu sun bi matsalar ta nasu ɓangaren, wato rage yawan sokawa. Daga 2014 aka fara samun fakta 8 da 9 da aka liƙa wa wani abu don su daɗe a jini, a 2023 kuma Altuviiio ya fito, sau ɗaya a mako. Wanda ya fi sauya al'amura shi ne Hemlibra, da kamfanin Chugai na Japan ya ƙirƙiro aka amince da shi a 2017. Shi ba fakta 8 ba ne ko kaɗan, wani furotin ne mai hannu biyu, ɗaya ya kama fakta 9 ɗaya ya kama fakta 10 ya haɗa su, wato ya yi aikin na 8 ba tare da ya yi kama da shi ba, don haka garkuwar da ta ƙi fakta 8 ba ta gane shi. A ƙarƙashin fata ake yin sa, mako-mako ko ma sau ɗaya a wata. Akwai kuma dasa ƙwayar gadon a hantar mutum kai tsaye. Hemgenix na himofiliya B, da aka amince da shi a 2022, an sa masa kuɗi dala miliyan 3.5.

Wannan farashin ya isa ya nuna inda muke. Ko riga-kafin da aka saba kan ci wa babban mutum dala dubu ɗaruruwa a shekara a Amurka. Ƙungiyar masu himofiliya ta duniya, wadda aka kafa a 1963 kuma hedikwatarta ke Montreal, ta daɗe tana cewa kusan uku cikin huɗu na masu cutar ba sa samun isasshen magani ko ma ba sa samu sam. A Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, lissafi na nuna dubbai ne ke da ita, amma waɗanda aka tabbatar ta gwaji 'yan kaɗan ne. Mafi yawan kwalaben da ke shigowa kyauta ce ta hannun waccan ƙungiya zuwa manyan asibitocin koyarwa. In babu, sai a koma ƙarin jini ko ruwan jini. Abin da ke hannun iyali a irin wannan hali shi ne su san abin gudu: asfirin da danginsa irin su ibufurofen da dikilofenak, allurar ɗuwawu a kemis, da duk wani aikin aska kafin a gwada jinin yaron da aka san akwai tarihin a dangin uwarsa.

Za a iya cewa inda kwalbar ma ba ta samuwa, maganar tsoron allura ta masu ƙoshi ce. Ban yarda ba. Inda kwalba ɗaya ce a firij, ba a da halin a narkar da ita sannan a rasa jijiya. Kuma ko Hemlibra bai kori allurar jijiya ba. Na masu nau'in A ne kawai, yana rage zubar jini ne ba ya hana shi duka, in an yi hatsari ko za a yi tiyata dole a koma ga jijiya. Har likitoci a ƙasashen da suka koma kansa sun fara damuwa da cewa ana tashin yaran da su da iyayensu ba su taɓa koyon neman jijiya ba, alhali a da yaro kan fara yi wa kansa tun yana firamare. Ƙa'idar bugun kai ga mai matsananciyar himofiliya A ita ce a sa maganin nan take, kafin a tafi ɗaukar hoto, yunit 50 kan kowane kilo. Ga yaro mai kilo 20 yunit 1,000 ke nan, kuma in asibitin koyarwa mafi kusa tafiyar awa huɗu ce, wanda zai sa shi uba ne ko uwa, ko ma'aikacin ɗakin shan magani na garin, a hannun da yaron ya yarda ya miƙa.